Amsa ga ƙanena na Aliero mai son karatun mota mai tuƙa kanta

Wa alaikumus salam ƙanena, naga saƙonka, kace ka gama digirin lissafi a Aliero kana son zuwa Jamus yin mastas kan motoci masu tuƙa kansu amma kana tsoro tunda baka taɓa ko taɓa mutum-mutumi ba. Kwantar da hankalinka, wlh yawancin aikin a kwamfuta muke yinshi, lissafin nan naka shine jarin.

Abinda muke fama dashi kullum, a baka ɗigo-ɗigo a taswira ace fitar da hanyar da mota zata bi ta kansu. Dabarun neman hanya a kwamfuta irin su A* na 1968 ko RRT na masani LaValle na 1998 zasu baka hanya amma duk kusurwa-kusurwa, mota kuwa bata juyawa a tsaye. Wani masanin lissafi Dubins tun 1957 ya nuna in mota gaba kawai take yi kuma akwai iyakar kwanar da zata iya sha, hanya mafi gajarta bata wuce guntaye uku na miƙaƙƙen layi da gefen da'ira ba, wasu masanan Reeds da Shepp suka ƙara ribas a lissafin a 1990. To matsalar tana mahaɗar guntayen, daga miƙe sai kawai a faɗa da'ira, kenan a murɗe sitiyari gaba ɗaya nan take, tambayi direban tirela mai ɗauko shinkafa daga Argungu ko hakan zai yiwu da lodi. Shiyasa ni nafi son wani lanƙwasasshen layi da ake kira clothoid, lanƙwasarshi a hankali take ƙaruwa daidai da tafiya, injiniyoyin titi da layin dogo sun daɗe suna aiki dashi.

Wani layin kuma, cubic spline, yafi sauƙi kuma yana bin kowane ɗigo, sai dai wani lokacin ya kumburo gefe ya shiga katanga ko ya baka kwanar da taya bazata iya ba, dole ka duba. Layin Bézier kuma, na wani injiniyan kamfanin motoci na Renault, ɗigon tsakiya jan layin kawai suke, layin baya bi ta kansu, nan sababbi ke ruɗewa.

Ka sauke yaren kwamfuta na Python da kayan lissafinshi SciPy, ka zana hanya sannan ka zana yadda lanƙwasa ke canzawa, ka ɗora a GitHub, shafin da ake ajiye aikin manhaja, kasa a takardar neman gurbi. Yawancin jami'o'in gwamnati a nan Jamus babu kuɗin makaranta, amma biza sai ka nuna sama da Yuro 11,000 a rufaffen asusu, in babu ka fara gwada tallafin DAAD, hukumar Jamus mai bada tallafin karatu. Ka gaida su Baba.