Amsa: Cin kifi a garuruwan bakin teku na Turkiyya

Malam, ka tambayi inda za ka ci kifi mai kyau ba tare da an tatse maka aljihu ba. In ka isa Fethiye, wani gari a kudu maso yammacin ƙasar, nufi kasuwar kifi. Ka zaɓi kifinka da kanka, gidajen abincin da ke kewaye su gasa maka, ka biya kuɗin gashi da salak. A sauran wurare sau da yawa da kilo ake sayarwa, don haka a auna a gabanka, ku yi ciniki kafin a ɗora a wuta. Kifayen da ake kira levrek da çipura galibi na kiwo ne, sun fi araha. Hamsi kuwa, wani ɗan ƙaramin kifi, sai lokacin sanyi, musamman a garin Trabzon da ke arewa maso gabashin ƙasar. Wurin da aka rubuta meyhane, ana shan giya a ciki.