Tambaya da Amsa: Ƙera Ƙaramar Tarakta Mai Aiki da Tururi

Tambaya: Malam, ina sha'awar taraktocin tururi na Ingila, irin na kamfanin Burrell da Fowler, ina kuma son in ƙera ƙarama a ɗakin aikina. Wane girma ya dace da mai farawa?

Amsa: Injin sassaƙar ƙarfen da kake da shi ne zai yanke maka hukunci. Tayar baya ta tarakta ta ainihi takan kai ƙafa 6. In ka ɗauki ma'aunin inci 1 a madadin kowace ƙafa, tayarka inci 6 ce, ƙaramin inji irin Myford ML7 zai juya ta ba wahala. In ka haura zuwa inci 2, taya ta zama inci 12, ta fi ƙarfinsa, domin iyakarsa inci 10 ne. Saboda haka masu farawa da yawa ke bin zanen ƙaramar tarakta mai suna Minnie na L.C. Mason, mai ma'aunin inci 1. Sayi cikakken zane, kada ka ƙera da ka.

Tambaya: Ina da bututun ruwa na ƙarfe da dalmar liƙi irin ta masu gyaran rediyo. Za su yi tukunyar tururi?

Amsa: A'a, ɗan'uwa, ko kusa. Nan ne rai yake, don haka a saurara da kyau.

Tukunya ƙarama da bututun jan ƙarfe marar ɗinki ake yin ta. Siririn baƙin ƙarfe tsatsa ke cinye shi daga ciki, inda ido ba ya gani. Ita kuwa dalma tana narkewa a wajen digiri 183 na ma'aunin Celsius, alhali tururi a matsin 50 psi (ma'aunin matsi) ya kai digiri 148. Tun kafin ta narke ta riga ta saki, balle ruwa ya ja baya wuta ta taɓa rufin murhu kai tsaye. Abin liƙi shi ne mai azurfa kashi 55 cikin ɗari, wanda ke gudana tsakanin digiri 630 da 660.

Liƙin azurfa ba ya cike rami, tsotsar sa mahaɗi ke yi. Bar tazarar milimita 0.05 zuwa 0.1. In ta matse ba zai shiga ba, in ta yi faɗi sai ya zube ta ƙasa. Goge ƙarfen sai ya yi ƙyalli, shafa hodar liƙi da aka dama da ruwa, jera tubalan da ke jure wuta kewaye da aikin, sannan ka gasa da babban bakin gas. Zafin ƙarfen ne zai narkar da sandar liƙin, ba harshen wuta ba. Mafi yawan yoyo daga nan yake: jan ƙarfe na kwashe zafi da sauri, mai ƙaramar wuta ya daɗe yana gashi har hodar ta ƙone, azurfa ta dunƙule a sama ba ta ratsa ba. Bayan kowane gashi, bari ya huce, tsoma shi cikin ruwan sinadarin tsamin lemo, ka ɗauraye.

Bakunan da za a ɗaura famfo da gilashin da ke nuna yawan ruwan tukunya a kansu, a yi su da gaurayen jan ƙarfe da kuza. Gauraye mai tutiya a ciki bai dace ba, domin ruwan zafi na tsame tutiyar a hankali, ya bar ƙarfe mai rugurgujewa.

Sai gwaji. Cika tukunya da ruwan sanyi maƙil, babu iska ko kaɗan, ka matsa da famfon hannu zuwa ninki biyu na matsin aiki, wato 100 psi ga mai aiki a 50. Kada ka taɓa gwadawa da iska: ruwa in ya sami kafa ɗiga yake yi, iska kuwa tarwatsa ƙarfe take. Bayan haka a hura wuta a tabbatar bawul ɗin tsaro yana sakin tururi, matsi bai wuce kashi 10 bisa na aiki ba. Nemi gwani ya shaida gwajin nan biyu.

A kula kuma, a tarakta tukunya ce gangar jiki. Silinda a samanta take zaune, farantan da ke riƙe da kiranshaf kuma a gefen murhu ake ɗaure su, tsarin da Thomas Aveling ya yi wa rajista a 1870. Tukunyar da ta karkace za ta sa shaf ya cije da zarar an ɗaure kusoshi. Haɗa farantan biyu fuska da fuska, ka huda su tare.

Tambaya: Tawa tana gudu lafiya da iskar kwamfaresa, amma da tururi sai ta yi juyi kaɗan ta tsaya.

Amsa: Silinda mai sanyi na mayar da tururi ruwa. Juya babbar tayar da ke kan kiranshaf da hannu har ruwan ya fice ta bututun hayaƙi, silinda ta ɗumama. Duba mai: na silindar tururi mai kauri ake sa wa, man mota wankewa yake. In matsi ne ke faɗuwa, duba ƙofar akwatin hayaƙi, domin ƙaramar kafa a nan tana kashe jan iskar wuta. Fasa gawayi kamar ƙwayar wake, kada ruwa ya wuce kashi biyu cikin uku na gilashi, kuma ka yi amfani da ruwan sama da aka tace, don ruwan rijiya mai gishiri na yin kumfa ya bi tururi zuwa silinda.