Ba bat ne ya kayar da kai ba, juyin ƙwai ne ba ka karantawa

Wa alaikumus salam. Ƙanena, na ga tambayarka a kan wasan ƙwallon tebur, wato tenis na tebur. Ka ce a teburin unguwarku babu mai ɗaga ka, amma da ka je wurin masu atisaye a ɗakin wasanni sai wani dattijo ya lallasa ka ko gumi bai yi ba, sabis ɗinsa ma ka kasa mayarwa, shi ne kake tambaya ko sabon bat za ka saya. Sabon bat zai ɗan taimaka, amma ba shi ne ciwon ba. Juyin ƙwai, wato yadda ƙwallon ke juyawa, shi ne ba ka karantawa, kuma teburin unguwa ba ya koyar da shi.

Dubi yadda muke wasa a unguwa. Wanda ya ci ya zauna, wanda aka ci ya koma layi, wani wurin ma kowane gem sai ka biya. Wa zai gwada bugun da bai iya ba alhali in ya faɗi sai ya jira mutum biyar? Kowa sai ya riƙe abin da ke ci masa, ya ɓoye rauninsa. Ga bat ɗin haya da robarsa ta mutu, ba ta kama ƙwai balle ta murza shi. Na daɗe a wannan wasa, kuma duk yaron da ya zo mana daga irin wannan tebur hannunsa da zafi, amma sabis biyu masu yanka, wato waɗanda aka shafi ƙasan ƙwan, sun isa su kwance masa lissafi.

Ga abin da dattijon ya yi maka. In ya shafi ƙasan ƙwan, wato yanka, ka buga da bat a miƙe, raga zai faɗa. Maganinsa ka kwantar da fuskar bat ta kalli sama ka tura, ko ka durƙusa ka ɗago shi da shafa daga ƙasa. In ya shafi samansa, yana taɓa robarka zai yi tsalle ya wuce tebur, sai ka kife bat ɗin kaɗan. In na gefe ne, ka nufi ɓangaren da bat ɗinsa ya taso, ba inda ya ƙare ba. Mafi mugunta shi ne wanda zai yi motsin yanka amma bai sa juyi ba: kana turawa ƙwai zai tashi sama, shi kuma yana jira. Don haka idonka ya tsaya kan daidai lokacin da roba ta taɓa ƙwai. Kaɗa hannun da ke biyo baya yaudara ce kawai. In kana iya hango tambarin da ke jikin ƙwan yana tahowa, juyin ba shi da yawa. Kuma kana da haƙƙin gani: doka ta ce a jefa ƙwai daga buɗaɗɗen tafin hannu, ya tashi aƙalla santimita 16, kuma tun 2002 aka hana ɓoye shi da jiki ko hannu. Wannan sabis na cafke ƙwai a buga daga hannu da muke yi a unguwa, a gasa alƙali ba zai ƙyale ka ba, gara ka daina tun yanzu.

Atisayen da na fi ganin amfaninsa ba ya bukatar abokin wasa. Ka tara ƙwai a bokiti, ka tsaya kai kaɗai kamar minti ashirin kana sabis. Gajere, wanda in an ƙyale shi zai dira sau biyu a ɓangaren abokin karawa, dirarsa ta farko a naka ɓangaren ta kasance kusa da raga. Dogo mai gudu kuwa, dirar farko kusa da bakin teburinka. Kada ka tara iri goma. Biyu sun isa, mai yanka da marar juyi, da motsin hannu iri ɗaya. Tun 2001 gem ya koma maki 11 daga 21, sabis bibbiyu ake yi, babu lokacin farfaɗowa. Wanda ya zubar da maki huɗu wajen karɓar sabis ya riga ya sayar da gem.

Daga nan ka haɗa sabis da bugu na uku, wato wanda za ka yi bayan an mayar maka da sabis ɗinka. Kafin ka jefa ƙwai ka san inda zai dawo. In ka ba shi gajere mai yanka, yawanci turowa zai yi da tsawo, to ka shirya ɗagawa. Ka sa aboki ya riƙa mayar maka haka, ku tsaya bayan bugu na uku, ku sake, babu ƙirgen maki. Da an fara ƙirge sai son ci ya dawo, atisaye ya lalace.

Ƙafa kuma. Yara suna kallon Aruna Quadri su ga ƙarfin hannunsa na dama, wanda ya kai shi zagayen kusa da na kusa da na ƙarshe a gasar Olamfik ta Rio a 2016, ɗan Afirka na farko da ya kai nan, bayan ya fitar da Timo Boll na Jamus. Abin da ba sa kallo shi ne yadda yake zagaye kusurwar hagu kafin ƙwan ya iso. Akwai atisaye da ake kira Falkenberg, sunan wani kulob ne a Suwidin: aboki ya ba ka biyu a hagu, ɗaya a dama. Na farko ka buga da bayan hannu, na biyu ka zagaya ka buga da gaban hannu, na uku ka ruga dama, ka dawo. A hankali za ka fara. In ba ku iya jera ashirin ba tare da kuskure ba, gudun ya yi yawa. Ranar farko cinyoyi za su gaya maka gaskiya.

Wajen dabara, daina neman kusurwa kullum. Ka nufi gwiwar hannun da yake riƙe bat, nan ne mutum ke rikicewa tsakanin gaban hannu da baya. Mai son tsayawa nesa, ajiye masa gajere. Shi dattijon naka, ina zaton turi da tarewa yake, yana cin ka da ƙarfinka. Ɗaga masa ƙwai a hankali da juyi mai yawa zuwa nesa da shi, ka tilasta masa tafiya.

Bat kuwa, nemi matsakaici mai roba mai kamu, kada ka sayi mai gudun tsiya don ka ga ƙwararru da shi. Ƙurar hunturu tana kashe kamun roba, ka riƙa goge ta da ɗan ruwa bayan wasa, ka sa a jaka, kada ka bar shi a rana ko cikin mota. Sannan ka koma wurin dattijon, ka gaishe shi, ka ce Baba a taimaka a yi min sabis ɗin nan sau talatin. Irinsu ba su cika ƙi ba, in dai kai ne za ka riƙa tsinto ƙwai.