Matasa su fara kwashe shara ko su jira hukuma?

Malam, ka ce bola ta cinye layinku a Kano, kwata ta toshe ga damina ta ƙarato, kana tambaya ko ku matasa ku kafa kwamiti ko ku jira hukuma. Ku kafa, kada ku jira. Amma kafin kowa ya ɗauki shebur, ku fara zuwa wurin mai unguwa, shi zai kira taron, liman kuma ya yi sanarwa bayan sallar Magariba. Magidancin da zai yi wa saurayi gardama kan kuɗin shara ba zai yi wa mai unguwa ba. Kuma shi ne mai bakin tsawata wa gidan da ke aiko yara da daddare su juye bokiti a kwata.

Sharaɗi ɗaya ne: ku san inda sharar za ta tafi tun kafin ku yashe. Na ga unguwar da aka yi aikin gayya ranar Asabar ɗin ƙarshen wata, aka jibge baƙin taɓo da ledojin ruwa a bakin hanya, ruwan farko ya mayar da shi duka cikin kwatar. Wallahi abin ya karya wa mutane gwiwa, da aka sake kira ba su fito ba. Don haka ku rubuta wa hukumar kwashe shara, REMASAB, takarda da sa hannun mai unguwa ku nemi mota, sai an tsayar muku da rana sannan ku sa ranar aikinku.