Fizgar rabin fuska: shin ƙwaƙwalwata ce ke lalacewa?

Tambaya: Likita, shekaruna 48. Shekara uku ke nan fatar idona na hagu take rawa. Yanzu abin ya sauko kumatu har gefen baki, wani lokaci idon ya rufe da kansa ina tsakiyar magana. An ɗauki hoton MRI, aka ce wata jijiyar jini ce ta danne jijiyar fuska. Na kuma karanta cewa ciwon yana sauya surar ƙwaƙwalwa. Gaskiya ne? Idan na yi magani, za ta koma daidai?

Amsa: Sannu, 'yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Abin da kika kwatanta shi ne fizgar rabin fuska, kuma asalinsa ba a cikin ƙwaƙwalwa yake ba, a bakin ƙofarta yake.

Jijiyar da ke motsa fuska ita ce ta bakwai cikin jijiyoyi 12 da ke fitowa daga kowane ɓari na ƙwaƙwalwa. Daidai inda take fitowa daga gindin ƙwaƙwalwa rufinta ba shi da ƙwari. Idan jijiyar jini ta lanƙwaso ta kwanta a nan, kowane bugun zuciya duka ne a kanta, dare da rana. A hankali rufin ya goge, kamar wayar lantarkin da robarta ta cinye, sai saƙo ya riƙa tsallakawa daga wannan zare zuwa wancan. Shi ya sa umarnin ƙifta ido yake jan baki, kuma fizgar ba ta barin mutum ko a cikin barci.

Abin da kika karanta kuwa akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Masu bincike sun kwatanta hotunan MRI na masu ciwon da na masu lafiya, suka ga ɗan bambanci a kaurin ɓangaren toka-toka (inda ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suka taru) na wasu sassa: talamus, wato mahadar saƙonni, da putamen da ke daidaita motsi, da ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya, a wasu binciken har da sassan da ke kula da damuwa. Sai dai bambancin ƙanƙane ne, kwamfuta ce ke fito da shi bayan an haɗa hotunan mutane da yawa an ɗauki matsakaici. Likita ba zai kalli hotonki shi kaɗai ya nuna shi da yatsa ba. Sakamakon ma bai zo baki ɗaya ba: wannan ya ga raguwa a nan, wancan ya ga ƙaruwa a can. A ganina, ƙwaƙwalwa ce ke sabawa da saƙon da ya shekara yana damunta, kamar yadda kanta ke fitowa a hannun manomi. Ciwon ba ya kai wa ga mantuwa, ba kuma shanyewar ɓarin jiki ba ne.

Sauyin da ya fi muhimmanci a wurina ma hoto ba ya kama shi. Cibiyar jijiyar fuska da ke gindin ƙwaƙwalwa takan zama mai saurin zabura bayan dogon tsokana. Ana ganin wannan na cikin dalilan da suka sa wasu ba sa warkewa washegarin tiyata. An ɗauke abin da ke dannewa, amma cibiyar sai ta ɗauki makonni ko watanni kafin ta huce. Wanda ba a gaya masa haka ba sai ya zaci aikin bai yi ba.

Magani iri biyu ne masu ƙarfi. Na farko allurar botulinum, wadda aka fi sani da Botox, da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita don irin waɗannan fizge-fizgen fuska tun 1989. Tana hana saƙo isa ga tsokar da aka yi wa, ta yi aiki wata uku zuwa huɗu, sannan a maimaita. Ba ta taɓa tushen matsalar, amma mafi yawan masu ciwon suna samun sauƙi sosai. Wani lokaci fatar ido kan ɗan sauko ko gefen baki ya yi rauni na wasu makonni.

Na biyu tiyata, wadda likitan Amurka Peter Jannetta ya yi fice wajen yaɗa ta. Ana huda ƙashi ta bayan kunne, a ɗage jijiyar jinin, a sa ɗan ƙyallen Teflon tsakaninsu. A hannun gwani, kusan tara cikin goma suna rabuwa da fizgar. Ɗaya daga cikin manyan haɗarinta shi ne raguwar ji, domin jijiyar ji, ta takwas, maƙwabciyar ta bakwai ce ƙut da ƙut. Ƙwayoyi irin su kabamazefin kuwa, amfaninsu kaɗan ne, ga sa barci.

Da ido biyu ne ke matsewa tare, da maganar ta bambanta, don wannan distoniya ce, wato ciwon da ke sa tsoka ta riƙa matsewa da kanta, kuma ita tushenta a cikin ƙwaƙwalwa yake; tiyatar bayan kunne ba ta yi mata komai.

Ke dai da hoto ya nuna dannewa, hanya biyun duka a buɗe suke gare ki. Yawanci akan fara da allura. Idan kika gaji da maimaitawa kika karkata ga tiyata, tambayi likitan sau nawa ya yi wannan aikin, kuma ko ana auna jijiyar ji yayin da ake yinsa.