Amsa ga mai shagon buga takardu da ke son ƙara ma tsohuwar ordinatar gudu

Wani ɗan'uwa mai shagon buga takardu da fotokopi nan Damagaram, wajen jami'a, ya turo min tambaya. Yana da ordinatar ta tebur guda uku, duk tsofaffi ƴan Kwatano, sun yi nauyi, ɗalibai na tsaye suna jira a gyara masu memuwar ita kuma na'ura sai tunani take. Wani yaro ya ce masa a shiga BIOS, wato saitin cikin na'ura da ake shiga tun wajen kunnawa, a ƙara ma furosesa, ƙwaƙwalwar na'urar, gudu, wai obakulok, kyauta ne ba ko dala. Shi ne yake tambaya ya yi ko ya bari.

To Malam, yaron bai yi ƙarya ba, abin akwai shi, amma fa ba kowace na'ura ke yarda ba. Yawancin waɗanda ake kawo mana irin na ofis ne, su Dell OptiPlex da HP, kuma kamfani ya riga ya kulle BIOS ɗinsu, ko ka kwana kana nema ba za ka ga wurin ba. A ɓangaren Intel, wanda aka bari a buɗe shi ne mai harafin K a ƙarshen lambarsa, misali i5-2500K na 2011, kuma sai allon, wato babban faifan ciki da furosesa ke zaune a kai, ya zama irin su P67, Z68 ko Z77. Sauke manhajar CPU-Z, kyauta ce, za ta nuna maka abin da ke cikin na'urar.

Mu ce ma ka dace kana da shi. 2500K gudunsa na asali 3.3 GHz ne, ana kai shi 4.2 ba da wahala ba, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kenan ƙari. Amma ƙarin gudu ƙarin zafi ne da ƙarin cin kuran, kuma waɗanda kake gani a YouTube suna yi wallahi a ɗakin sanyi suke, mu nan watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, shago rufin kwano, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe fankar ciki tun Janairu, ga kuran da ke ɗaukewa ya dawo da ƙarfi. Na'ura ta tsaya cak ko ta mutu ta tashi tsakiyar aikin ɗalibi mai shafi 80, wannan ɗalibin ya tafi, kuma sai ya gaya ma ƴan ajinsu duka.

In dai sai ka gwada, to a guda ɗaya, wadda ba aikin kwastoma a kanta. Buɗe ta ka hure ƙurar, ka goge tsohon man nan da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ka sa sabo, ka sayi fanka babba don ƴar ƙaramar da ta zo da ita ba za ta iya ba. A BIOS ka riƙa ƙara lambar ninki, wadda ke tsara gudun furosesa, ɗaya-ɗaya, kowane ƙari ka kunna manhajar gwaji Prime95 ta matsa mata kamar awa guda kana kallon zafi a manhajar HWMonitor, kuma da rana tsaka za ka gwada ba da asuba ba. Ya kusa digiri 80, koma baya. Boltaji kuwa, wato ƙarfin kuran da ke shiga furosesa, kar ka taɓa shi tukuna, nan ne ake ƙona kaya. In ta ƙi tashi, zare waya, cire ƴar batir ɗin nan mai kamar kwabo a jikin allo na ƴan mintuna, za ta koma yadda take.

Ni dai a lissafina ba furosesa ke cinye maka lokaci ba. Word da PDF ba sa wahalar da ko Core 2 Duo na 2008. Abin da ke jan ƙafa tsohon diski ne mai juyawa, da RAM, wurin da na'ura ke riƙe aikin da take kai, da ba ta wuce giga 2 ko 4 ba. Kuɗin da za ka kashe wa fanka da mai, ƙara kaɗan ka sa SSD, sabon irin diski marar juyawa, mai giga 240 ko 256 a wadda ka fi aiki da ita, in allon ya yarda ka kai RAM giga 8, daga kunnawa za ka ga bambanci kuma zafi bai ƙaru ba. Ribar sati biyu ko uku ta yi ta biyu, haka har ta uku. In wani abu ya saura, ondular, akwatin batir mai riƙe kuran, za ka saya, ita ce ke tsare maka aiki in kuran ya ɗauke.

Ka turo min hoton abin da CPU-Z ya nuna a dukansu ukun, in gaya maka irin RAM da za ka nema, don DDR2 da DDR3 ba sa shiga ramin juna, kar a sayar maka da wadda za ka dawo da ita.