Yaya, ba raini ne ya sa ɗanka ya ce "lafiya" ya yi shiru ba

Yaya, na ji ƙorafinka cewa ka kira ɗanka a waya, ka jero masa ina kwana, ina gajiya, ya sanyi, ya karatu, shi kuwa "lafiya" kawai ya ce ya ja bakinsa. Abin ya tsaya mini a rai.

Yaron nan a Landan aka haife shi, cikin mutanen da suke ɗaukar taƙaita zance a matsayin ganin girman lokacin mutum. Maƙwabcina in muka haɗu a bakin ƙofa da safe, kalma ɗaya yake jefo mini, ita zan mayar masa, kowa ya kama gabansa. Amma shi ne ya kwankwasa mini ƙofa da dare ranar da na mance fitilar mota a kunne.

Har Turawan nan suna da kalma ta musamman ga mai irin wannan hali, wato "laconic": mutumin da ba ya yawan magana, in ya yi kuma gajeriya ce mai nauyi. Asalinta daga Lakoniya ne, wani yanki a kudancin Girka inda birnin Sparta yake, mutanen da suka yi suna da yaƙi da ƙarancin surutu. Ana ba da labari cewa Sarki Filibus na 2 na Makidoniya, mahaifin Iskandar wanda ya kai yaƙi har Indiya, ya aika musu cewa in ya shiga ƙasarsu zai ragargaza su. Amsar da suka mayar masa kalma ɗaya ce tak: "In." Bature in ya kira mutum da wannan kalma, sau da yawa yabo yake nufi, ko da yake wani lokacin tana ɗauke da ƙanshin miskilanci.

Mu dai da muka zauna nan baki biyu muke da shi. A wurin aiki mu gajarta, domin mai doguwar shimfiɗa gani ake bai san abin da ya kawo shi ba. Ranar Juma'a kuwa in an idar, sai ka gan mu tsaye a ƙofar masallaci cikin sanyi, hannu cikin hannu, ana ta ya iyali, ya mutan gida, har mai gadi ya zo rufe ƙofa. Yaranmu ne ba su gama gane wane baki ake amfani da shi ga wa ba, kuma wannan nauyi a wuyanmu yake, mu iyaye.

Na zaunar da yaron jiya, na ce masa babansa na Kano ba malamin makarantarsu ba ne. Ranar Asabar bayan la'asar shi zai kira ka da kansa. Ka yi haƙuri da Hausarsa, tana ɗan tangaɗi.